Motar da Ban Leƙa Ƙarƙashinta Ba

Shekarar da likita a Zariya ya ce idon Baba na dama ma ya kama hanyar rufewa, ita ce shekarar da na shiga neman tsohuwar jif. Na hagun ya riga ya tafi tun da daɗewa. Hawan jinin ido ne, in ji likitan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa gudu. Baba da kansa ya ce duniya ta koma masa kamar mai leƙe ta kafar ƙofa.

Muka kama hanyar komawa Makarfi, har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Kai, ina so in ga gonar Paki tana kore."

Gonar tana wani ƙauye ne a bayan Paki, inda aka haife shi. Tun da ya faɗi ya karye a kwankwaso ya dawo wurina da zama, ɗan ƙanensa ke noma ta. Da rani nakan kai shi a 'yar ƙaramar motata, ya tsaya ya kalli busasshen kara mu dawo. Da damina kuwa hanyar ba ta ƙaramar mota ba ce. In ka sauka daga kwalta sai burtali, sai kwari, sai wani rafi mai laka a gindinsa. Masu babur ma turawa suke yi, Baba kuma ba ya iya hawa babur. Shekara shida ke nan rabonsa da ganin masararsa a tsaye. A lokacin damina ta zauna, kuma likita bai yi mana alkawarin wata ba.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Ni ke tsayawa gaban allo ina zana wa yara yadda ƙarfin inji ke isa ga taya.

Na fara da zuwa Hunkuyi wurin wani bakanike, abokina tun firamare, mutumin da bai iya rarrashi ba. Ya saurare ni yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Malam, tunda daji za ka shiga da ita, manta da fenti. Ka ga ƙaramar giyar nan da ke kusa da babba? Ita ce ogzilari, ita ke sa tayoyin gaba su ja tare da na baya. Amma ba ta aiki sai da farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfi ga taya. Biyu ne, ɗaya baya, ɗaya gaba. Mutanen gari suna cire ta gaban wai don a rage shan mai. Ka kwanta ƙarƙashin motar ka ƙirga da idonka. In ka ga biyu, ka nemi taɓo ka shiga da ita kafin ka ce ka saya."

Shi ne ma ya samo mini wata a Kudan, ta wani mai kwasar tumatir da rake daga fadama. Allah ya sani motar nan ta sha wuya. Ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta, kujerun sun fashe, warin ruɓaɓɓen tumatir ya kama ta har cikin soso. Abokina ya shige ƙarƙashinta ya fito yana murmushi. Ya tuƙa ta cikin wani rami da ake haƙar ƙasar gini, ta fito tana gurnani ko gezau. Ya ce, "Ga motarka." Na ce zan yi shawara. Na gaya wa kaina wai Baba nake tausayi, kada in ɗauke shi a cikin wari. Gaskiyar ita ce na hango kaina ina shiga harabar makaranta da ita, ɗalibai suna toshe hanci.

Ana cikin haka matata ta yi zancen a gidansu a Ikara. Washegari mahaifinta ya kira ni a waya. Alhaji tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, kuma yana da wata jif da ya yi shekaru yana bin kasuwannin ƙauye da ita, ta daɗe ajiye a ƙarƙashin rumfa. Ya ce, "Me za ka je nema a waje, ga ta a gida?"

Na tafi ranar Juma'a bayan masallaci, cikin farar shadda mai sitati. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa, muka gaisa har sai da aka tambayi lafiyar kowa, kaina a sunkuye. Abokansa uku na zaune tare da shi a ƙofar gida. An wanke motar, shuɗiya ce, tana sheƙi, kujerunta har da riguna. Zuciyata ta kwanta da ita tun kafin in taɓa ta.

Ba zan ɗora wa bawan Allahn nan laifin da bai yi ba. Da bakinsa ya ce, "Malam, ka duba ta sosai. In ka ga dama ka zo da bakanikenka, ta daɗe a ajiye."

Na ce, "Haba Alhaji, wane ni. Abin da ya fito daga hannunku ai ba sai an duba ba."

Dattawan suka gyaɗa kai, ɗaya ya ce, "Madalla da suruki." Na ji daɗin maganar har cikin raina. Ga tabarma nan shimfiɗe taku biyu daga motar, jawo ta kawai zan yi in kwanta. Amma shekara goma sha huɗu ina auren 'yarsa ban taɓa ko shan ruwa a gabansa ba. Yaya zan miƙe ƙafafu a ƙofar gidansa, gaban abokansa, ina bincikar motarsa kamar wanda ke zargin an ɓoye masa wani abu? Na shiga ciki, na tayar da ita, injin ya amsa lafiya lau. Na tura ƙaramar giyar, ta shiga ƙwas, wata 'yar fitila ta kama a gabana. Na ce wa kaina ai shi ke nan.

Ban kai ta Hunkuyi ba. Na san tambayar da abokina zai fara yi mini, kuma ba ni da amsarta.

Ranar Asabar da hantsi muka kama hanya, ni da Baba. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, gari ya yi luf. Baba ya sa rigarsa ta Sallah, ya ɗiga maganin ido tun kafin lokacinsa. Tun daga Paki yake ba ni labarin ɗorawar da ke tsakiyar gonar, wadda mahaifinsa ya hana a sare, da yadda masara ke yin duhu a kewayenta in ta yi goyo. Rabon da in ji yana surutu haka har na manta. Muka sauka burtali, muka wuce kwarin da ɗan zamiya, ina ta murza sitiyari kamar tsohon direba.

A bakin rafi na tsaya, na tura ƙaramar giyar da ƙarfi don Baba ya ji ƙararta. Na ce, "Baba, yanzu za ka ga aiki." Muka shiga. Ba mu kai tsakiya ba motar ta tsaya. Na taka totur, tayoyin baya suka yi ta juyi suna watsa laka, bayan motar yana nutsewa. Na sake takawa, ta ƙara zama.

Wani manomi da ke dawowa da shanun huɗa ya tsaya yana kallonmu. Ya sunkuya, ya ɗago, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na gaban ba sa motsi."

A nan ne na kwanta ƙarƙashinta. Cikin laka, ruwa na shiga mini kunne. Farfelar baya tana nan. Inda ta gaba ya kamata ta kasance babu komai sai ramukan ƙusa huɗu da suka yi tsatsa. Na daɗe a kwance ina kallonsu, don ban san da wace fuska zan fito ba.

Mutane suka taru, kamar yadda akan taru. Wasu matasa suka ce za su ɗauki Baba su haye da shi, ko da yake daga rafin zuwa gonar akwai sauran tafiya mai nisa. Baba ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Amma da raina ba za a ɗauke ni a kafaɗa ba." Sai ya leƙo da kai ta taga, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana duban tsallake. Ya ce, "Kai, fito haka nan. Ai ga ɗorawar can, na hango ta. Masha Allah, ta yi ganye." Na fito ina ɗigar laka, na riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Shanun huɗa suka ja mu da baya, hadari na haɗuwa, muka juya gida.

Abokina bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Da na kai masa ita ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe, ya ce, "Wanda ya cire farfela ba ya jefar da ita. Ka tambayi mai motar." Na ce a'a. In koma Ikara in ce wa Alhaji motar da ya ba ni ba cikakkiya ba ce? Bayan na ce a gaban mutane ba sai an duba ba? Na ce wa abokina ya nemo mini wata farfelar ko a ina take. Na tambayi motar tumatir, aka ce an riga an sayar da ita, ta bar yankin. A gida kuma na kafa wa matata doka, kada in ji wannan magana ta isa gidansu.

Ta ce, "Malam, mahaifina ne fa. Tambaya ce kawai."

Na ce, "Na gama magana."

Aka nema a Zariya, babu. Aka kawo wata daga Kano, ta yi gajarta. Aka kawo wata daga Kaduna, bakinta bai dace ba. Tsohuwar mota ce, irinta ta yi ƙaranci. Kowane mako ina ce wa Baba mako mai zuwa, ina kuma lallashin kaina da cewa ai ya hango ɗorawar, ko ba komai ya ga wani abu. Bayan mako na uku ya daina tambaya. Na lura ya fara lalube kafin ya kama kofin shayi, na yi kamar ban gani ba. Wata safiya na shiga gaishe shi, ƙofa a buɗe, rana ta cika ɗakin, ya ce, "An ɗauke wuta ne?"

Matata tana bayana da kwanon koko. Ta ajiye shi, ta fita, na ji tana waya da mahaifiyarta. Ban hana ta ba.

Washegari Alhaji ya zo Makarfi da kansa, abin da bai taɓa yi ba sai da suna ko rasuwa. Aka sauke wani dogon abu naɗe cikin buhu a ƙofar gidana. Ashe direbansa ne ya cire ta shekaru da suka wuce, da suka daina shiga ƙauyuka, ya jingine ta a ɗakin ajiya bayan buhuna. Shi Alhaji har ya manta an yi haka. Duk makonnin da nake aike Kano da Kaduna, tana nan jingine a gidan da nake zuwa gaisuwa.

Na durƙusa, na kasa haɗa ido da shi kamar kullum. Ya ce, "Malam, na ce ka duba ta. Da ka ga babu, me ya hana ka tambaye ni? Ni baƙo ne a wurinka?" Na ce, "A gafarce ni, Alhaji." Ya shiga wurin Baba, ya riƙe hannunsa, yana ba shi haƙuri, shi da bai yi laifin komai ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ɗaura farfelar bai kai awa ɗaya ba. Abokina ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ya buga tayar gaba da tafin hannu.

Da muka koma, ruwa ya riga ya ɗauke. Rafin bai wuce idon sawu ba, ko 'yar ƙaramar motata za ta haye shi. Duk da haka na sa ogzilari, tayoyi huɗu suka ja, muka wuce kamar a kan kwalta. Baba ya sa rigar Sallar nan dai, amma bai yi surutu a hanya ba.

An riga an karye masara. Dawa ce ta rage a gefe, ta sunkuyar da kai, ganyenta ya bushe. Na kama hannun Baba na bi da shi tsakanin kunyoyi har gindin ɗorawar. Ya saki hannuna ya dafa ta, yana bin ɓawonta da yatsu. Iska ta taso, busasshen kara ya ɗauki ƙara ta ko'ina.

Na ce, "Baba, ai akwai sauran kore ta wajen…"

Ya ce, "Bari. Ina jin ganyen."

Can ya ce, "Ran nan a rafi, ban hango komai ba. Hazo kawai na gani. Na ji ka daɗe a ƙarƙashin mota ba ka fito ba, na ce bari in ba ka abin da za ka tashi da shi."

Na zauna a kan kunya. Ya laluba har ya sami kaina, ya dafa hulata.

Ya ce, "Tashi. Tunda mun zo, kai ka duba mini. Fara daga gabas, kuma kada ka ƙara komai."

Na tashi na fara daga gabas. Na gaya masa kara, na gaya masa tarin ɓawon masara, da dawar da ta bushe, da shanun da ke kiwo a gonar maƙwabci. Yana gyaɗa kai, yana jira in zo inda yake kore. Na zagaye gonar da ido har na dawo gabas, ban sami abin da zan ba shi ba.