Akwatin da Na Ƙera a Ƙarƙashin Gadon Mota

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, akwai rana ɗaya da na san ba za ta fita ba. Har yau idan na shiga ƙaramin ɗaki aka rufo ƙofa a bayana, sai na tashi na buɗe ta, jikokina su yi ta mini dariya don ba su san dalili ba.

A farkon shekarun alif ɗari tara da sittin ne, muna zaune a Utaibiyya cikin Makka ni da matata. Aikin Hajji muka zo ta ƙasa, muka gama, muka zauna. Ba ni da iƙama, wato takardar zama. Da yake kafinta ne ni tun daga gida, sai wani mai warsha, wato shagon kafinta, ya ɗauke ni aiki. Mu'allim muke ce masa. Bahaushe ne haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci. Wanda bai taɓa zama ba takarda ba, ba zai gane irin rayuwar ba. Hannunka na kan zarto, kunnenka na kan titi. A lokacin kuma matata na da tsohon ciki, ba ta da kowa a garin sai ni.

Hajjin shekarar ya faɗo a tsakiyar zafi. Ana saura 'yan kwanaki a hau Arfa sai ga wani alhaji Bature, mutumin Turkiyya, da wata mota da ban taɓa ganin irinta ba. Ƙaramar bas ce, amma cikinta ɗaki ne sosai, har da gado da murhu. Rufinta kuma ana tura shi sama ya miƙe kamar laima, a samu wurin kwanan mutum ɗaya a can. Da ita ya taho tun daga ƙasarsu, shi da matarsa da mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf. Larabcinsa kaɗan ne, da hannu muka yi yawancin maganar. Abin da ya dame shi shi ne gadon ƙasa ya yi wa mata biyu kaɗan, tsohuwar ba ta iya hawa na sama, ga buhuna da tukwane sun cika tsakar motar ba wurin sa ƙafa.

Mu'allim ya ce da ni, "Shuf, duba nan, wannan aikinka ne. Ka yi masa mai kyau, baƙon Allah ne."

Na cire tsohon gadon, na mayar da shi can baya a gicciye, na faɗaɗa shi, na ɗaga shi sama. A ƙarƙashinsa na ƙera dogon akwati na katako mai kauri, bangonsa na baya manne da inda injin motar yake, don irin wannan mota injinta a baya yake. Murfin akwatin shi ne katakon gadon. Na bi bakin murfin da roba don kada yashi ya shiga kayan abinci, na kuma sa masa sakata mai kama kanta da zarar an rufe, saboda kada ya riƙa tsalle a kan hanya. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai. Ban taɓa tunanin yadda zai kasance ga wanda ke ciki ba, don wa zai shiga?

Ranar da alhajin ya zo ɗaukar motar, wajen hantsi, yana cikin warsha suna shan shayi da Mu'allim, matan na zaune a inuwa. Ni kuma ina cikin motar ina share garin katako. Sai na ji gudu a lungu, wani yana ihu da Hausa, "Askarawa! Ana kame!" Na leƙa ta taga, na hango su sun tare bakin lungun, na waiga, ga wasu ta ɗaya gefen. Ban yi shawara da kaina ba. Na ɗaga murfin, na zura jikina, na ja shi. Sai na ji ƙas! Sakatar ta kama.

Da farko har hamdala na yi. Ina jin takun takalma da hayaniya, ina cewa a raina da sun wuce zan buga Mu'allim ya buɗe ni. Amma sai na ji motar ta girgiza, an shigo, an ja katifa an shimfiɗa a kaina, wani nauyi ya kwanta. Ashe alhajin ya ga hargitsi ya tsorata, ya kwashi iyalinsa zai bar wurin. Ina son in buga, ina jin muryar askarawa dab da motar. Na yi shiru. Aka tayar da inji.

Duhun nan ban san da me zan kwatanta shi ba. Ina kwance rigingine, katako kusa da hancina, ko gwiwa ba na iya ɗagawa sosai. Da na tabbata mun bar unguwar na fara bugu da ihu, amma ni kaina ba na jin muryata saboda rurin injin da ke gefen kunnena. Ba a jima ba bangon ya ɗauki zafi, har sai da na janye kafaɗata. Gumi ya jiƙe ni, ya shiga idona, ba halin sharewa. Na tura murfin da iya ƙarfina, ko motsi. Na laluba bakinsa ina neman ko 'yar kafar iska, yatsuna suka taɓa robar da na manna da hannuna, babu inda na bari.

Daga nan numfashi ya fara gagarata. Ina ja, amma kamar ba abin da ke shiga. Kaina ya yi nauyi, harshena ya bushe ya manne. Abin da ya fi tsorata ni ba mutuwar ba ce kaɗai. Tunanin da na riƙa yi shi ne, mutumin nan ba zai buɗe akwatin ba sai ya tashi loda kaya, wataƙila gobe, wataƙila jibi. Matata za ta zauna tana kallon ƙofa, ta ɗauka an kama ni an sa a jirgi, ta haihu ita kaɗai, ɗana ya tashi bai san inda aka binne ni ba. Na yi kalmar shahada, na sake yi, har na daina gane ko a baki nake yi ko a zuci.

Ban san tsawon tafiyar ba. Daga baya aka gaya mini hanyar Muzdalifa ya nufa, yana so ya ga wurin kafin ranar cunkoso. Ni dai na ji motar ta rage gudu, ta tsaya, aka kashe inji. Shirun ya zo mini kamar an zuba ruwa. Na tattara ƙarfina zan buga, sai na ji murya a bakin taga, da irin Larabcin da ko a mafarki na san shi: "Fen rayih, ya hajji?" Askari ne yake tambayar ina za a je.

Wallahi ƙafata tana sama na tsayar da ita. Ku dubi abin mamaki: ina bakin mutuwa, amma tsoron kame ya riƙe ni. Shekaru na yi ina koya wa jikina cewa in ka ji wannan murya ka ɓace. Na ji alhajin na ƙoƙarin bayani, na ji askarin na cewa hanya a rufe take, ya juya. Na san in aka sake tayar da injin nan, shi ke nan. Sai na saki diddigena a kan katakon, na sake, na sake.

Tsohuwar da ke kwance a kaina ta ƙwala ihu. Aka yi ta kiciniya, aka janye katifa, aka taɓa sakatar. Haske ya buge ni, fuskar farko da na gani ta askarin ce. Ya ce, "La haula!" Bai tambaye ni komai ba. Ya kama ni ta hammata ya jawo ni, ya daka wa alhajin tsawa ya tura rufin sama iska ta shigo, yana ta kiran "Moya, moya!" Aka kawo ruwa ya kwarara mini a kai, ya jiƙa ƙyallensa yana matsa mini a baki kaɗan-kaɗan. Tsohuwar na kuka tana mini fifita da mayafinta, tana magana da yarensu.

Sai da na iya zama ya ce, "Iƙama?" Na girgiza kai. Ya nuna akwatin ya ce, "Saboda takarda ka shiga wannan?"

Bai sake ni ba, aikinsa ya yi. An tsare ni 'yan kwanaki. Alhajin ne ya koma warsha ya gaya wa Mu'allim, shi kuma ya kai wa matata labari, ya sa iyalinsa suka ɗauke ta. Sannan Mu'allim ɗin ya yi ta zirga-zirga har ya tsaya mini, aka sake ni a hannunsa, daga baya maganar takarda ta daidaita. Ranar da na dawo, matata ta dube ni ta ce, "Malam, da an kama ka ai na san inda zan neme ka." 

Abin da na yi shekaru ina gudu ya same ni, na kuma fita daga cikinsa da ƙafata. Inda na gudu na ɓuya ne ya kusa kashe ni. Tun daga ranar na koyi cewa idan tsoro ya ce mini ruga nan, sai na tsaya na dubi wurin tukuna, na tambayi kaina ko yana da hanyar fita. Tsoro ya iya nuna wa mutum ƙofar shiga, amma bai taɓa damuwa da yadda zai fito ba.