Shaidar da Na Hana Malam Bawa

Ina tsaye a kasuwar Jega ranar Juma'a wani direban motar albasa daga Aliero ya dafa ni ya ce, "Malam Bawa malamin asibiti ya rasu jiya, har an kai shi." Na yi salati, na zauna a kan wani buhu. Baƙin cikina ba na rashinsa kaɗai ba ne. Ya tafi da laifin da ba nasa ba, kuma da bakina aka ɗora masa.

Shekara shida muka yi aiki tare a wani ƙaramin asibiti a yankin Maiyama, shi yana duba marasa lafiya, ni ina gwajin jini. Ba ya karɓar takardar sakamako daga hannuna sai ya tambaye ni, "Kahin gwajin ga, mi muka zato? Bayan shi, ina zaton yak koma?" A wurinsa gwaji ba ya yanke hukunci, zato yake ƙarawa ko ya rage, wani da yawa, wani ɗan kaɗan.

Wata rana ya sa na ɗebi jininsa da nawa da na maigadi, na yi mana gwajin taifot. Dukanmu garau muke, amma biyu, har da nawa, suka nuna ciwon. Ya yi dariya ya ce, "To ka gani. Abin da ka hita ga mai lahiya, in ya hita ga mai zazzaɓi, mi yag gaya maka?"

Da bazara aka kawo wata mata daga Mungadi, jiki zafi, wuya a sanƙare. Gwajin taifot ya nuna akwai. Malam Bawa ya ce sanƙarau ne, domin lokacinsa ne, ga kuma wuyan, wannan takarda ba ta isa ta kawar da zaton ba. Babbanmu, shugaban asibitin, ya daka masa tsawa a gaban 'yan uwanta, ya ce a bi takarda, aka ba ta maganin taifot. Kwana biyu matar ta cika.

Da masu bincike suka zo daga Sakkwato, aka ce gardamar Malam Bawa ce ta jinkirta magani. Suka tambaye ni ko gwajin abin dogaro ne. Ni da na ga jinina ya yi ƙarya da idona, na sunkuyar da kai na ce, "Takarda ta nuna." Tsoron babba ne, ba wani abu ba. Aka tura shi wani ƙauye mai nisa, ba a sake yi masa ƙarin girma ba. Babban kuwa gaba ya yi ta yi, kuma na ji ya je gaisuwar rasuwar Malam Bawa har da hawaye.

Sau ɗaya muka haɗu bayan nan, a tashar Jega. Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, bai ta da maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Hadiza, Sani, da sauran 'ya'yansa, ku ji daga bakin wanda ya yi gwajin: mahaifinku bai kashe kowa ba, shi ne mai gaskiya a ranar. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba mahaifiyarku da ku haƙuri, Ya raya ku a kan halinsa. Ni kuma ku roƙa mini gafara, don wanda ya kamata in roƙa ya riga ya tafi.