Fasto Lameck Chidzanja da Motar Bariki

Haihuwa da Karatu

An haifi Lameck Chidzanja a shekarar 1939 a wani ƙauye da ke gefen Ntcheu a ƙasar Malawi. Mahaifinsa Yotamu manomin masara ne, mahaifiyarsa Elube kuwa ita ke jan waƙa a majami'a. Ya yi makarantar mishan, ya taɓa koyarwa, sannan ya shiga makarantar horar da malaman addini, inda aka naɗa shi fasto a 1967. Tun yana ƙarami aka shaide shi da yawan fargaba, irin mutumin nan da zai kulle ƙofa, ya yi nisa, ya dawo ya sake girgiza ta.

Aure da Iyali

Shekarar da aka naɗa shi ya auri Agnesi Nabanda, mace mai haƙuri da komai ban da bakinta. Allah ya azurta su da 'ya'ya mata uku, da namiji guda, Limbani, wanda shi ne na fari.

Aiki Kusa da Bariki

A 1974 aka mayar da shi wata majami'a da ke kusa da barikin soja a Zomba. Limamin soja ɗaya ba ya isa ko'ina, saboda haka aka fara aron Fasto Chidzanja, farar hula, domin jana'izar sojoji. Wani Samanja Mpinganjira ne ya karanta masa ƙa'ida a tsaye.

"Fasto, wa'azinka ba mu hana ba, amma ka tuna yarana na shanye a rana da bindiga. Kada ka taɓa tuta. Kada ka zuba ƙasa sai mun naɗe ta. In ka ambaci sunan mamaci ka ce amin, ja da baya, saura namu ne. Ka ji ko?"

Ya ji, har ya ƙara da tasa: ya riƙa gargaɗin tsofaffi kafin harbin ban girma, domin a jana'izar soja ta farko da ya jagoranta wata tsohuwa ta zube da jin ƙarar. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama al'ada idan soja ya rasu, motar bariki ba ta zarcewa gidan mamaci, sai ta tsaya ƙofar fasto tukuna, ya shige gaba a je a faɗa wa iyalin.

Shekarun Zullumi

A 1986 Limbani ya shiga soja ba tare da shawartar kowa ba, bayan shekara biyu kuma aka tura rundunarsu gadin layin dogo a Mozambique, ana tsakiyar yaƙi. Daga nan hankalin Fasto bai sake kwanciya ba. Duk motar da ta rage gudu a ƙofarsa, bai san ko aiki aka kawo masa ba, ko kuwa yau gidansa ne gidan makokin. Sau da yawa yakan bar tuwon masara da kifi ya miƙe da hannu a jiƙe.

"Baban Limbani, zauna ka ci abincinka," in ji Agnesi. "Motar mai gawayi ce. Ko ita ma addu'a za ka yi mata?"

A damunar 1990 motar ta zo da gaske. Wani kyaftin ya sauko, ya cire hula.

"Fasto, daga layin dogo ne."

"Wane ne?"

"Fanuwelo Kalua, ɗan maƙwabciyarka."

"Na gode Allah!" Maganar ta kuɓuce masa a fili, kyaftin kuma ya ji, ya sunkuyar da kai. Fanuwelo abokin Limbani ne, rana ɗaya suka shiga soja, kuma Fasto ne ya yi masa baftisma. Haka ya tsallaka shinge, kunya da baƙin ciki suna cin sa, ya sanar da mahaifiyar yaron, Esnati.

Ranar jana'iza komai ya tafi bisa tsari har aka naɗe tuta. Da ya iso gurbin sunan mamaci, sai harshensa ya ƙi. Sunan ɗansa ne ke taso masa, tsoro kuwa ya kama shi kada ya furta shi a kan buɗaɗɗen kabari. Sojoji na tsaye da bindigogi suna jiran amin, mai begila ya ɗaga ya sauke.

"Fasto, sunan!" Samanja ya faɗa ta tsakanin haƙora.

Sai Esnati ta ɗago daga cikin mata ta ce, "Fanuwelo ne, Fasto. Faɗi kawai. Ni ma bakina bai saba ba tukuna."

Ya faɗa, ya ce amin, ya ja da baya, bindigogi suka tashi.

Shekarun Ƙarshe

Ya ci gaba da wannan hidima har ya yi ritaya a 2004 ya koma Ntcheu. Ƙananan fastoci da dama sun koyi tsarin jana'izar soja a wurinsa, kuma abin da ya fi nanata musu shi ne su maimaita sunan mamaci a bakinsu tun a hanya. Ya roƙi Limbani ya bar aikin soja ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, shi kuwa dariya kawai yake yi, daga baya ma aka tura shi kiyaye zaman lafiya a Kongo.

A watan Yulin 2009, yana kwance cikin jinya, mota ta tsaya a ƙofar gida. Tsohon da ya kasa juyawa da kansa sai ga shi ya tashi zaune.

"Agnesi, wane ne?"

Ta leƙa ta taga, ta daɗe ba ta juyo ba.

"Ɗanka ne, Baban Limbani. Da ƙafarsa, kuma hularsa na kansa. Kwanta."

Rasuwa

Ya kwanta, kuma bai cika mako ba ya rasu a cikin barci, yana da shekara saba'in. An binne shi a maƙabartar ƙauyensu, jana'izar farar hula, babu tuta babu harbi. Ya bar matarsa Agnesi, da 'ya'yansa Eneless, malamar makaranta, da Tiyamike, ma'aikaciyar jinya, da Chikondi, 'yar kasuwa a Lilongwe, da Saje Limbani Chidzanja, wanda ya kama kan akwatin mahaifinsa har bakin kabari.