Yayana Likitan Kaska

Bana shekara talatin da huɗu da rasuwar Yaya Sanusi, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Har yau in aka ambace shi a Illela sai wani dattijo ya yi murmushi ya ce, "Likitan Kaska!" Na gaji da wannan murmushin, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Likitan binciken jini ne. A shekarun 1980, abokan karatunsa na manyan asibitoci cikin sanyin fanka, shi kuwa ya dawo gida da madubin duba ƙwayoyin cuta da akwatin 'yan gilasai. Ranar kasuwa yana kara, wajen cinikin dabbobi, yana cire kaska a jikin shanu, Fulani na yi masa dariya. Sauran ranaku yana Kalmalo ko Araba, durƙushe a ɗakunan mutane, yana tono wata kaska mai laushi daga tsagar bango. Ya ce ita ke kawo wani zazzaɓi mai tafiya ya dawo, wanda kowa ke ɗauka na sauro ne, a yi ta haɗiyar kulorakwin a banza. Wahalar ita ce ƙwayar ba ta bayyana a madubi sai an ɗebi jinin lokacin da jiki ke tsakiyar zafi. Mu kuwa a nan ba a fita da maras lafiya sai ya ɗan ji sauƙi.

Na san wannan sarai, don kunnena ya ƙoshi da shi. Amma da zazzaɓin ya kama ni ina da cikin fari, wata shida. Ta yaya zan tsaya gaban wana da ciki a gaba, ina rawar ɗari? Ko sunan cikin ba a faɗa a gabansa. Na hana maigidana zuwa kiransa. Sai da jiki ya yi sanyi na yafa babban mayafi na je, wai gaisuwa.

Ya dubi idona, ya soki yatsana, ya daɗe sunkuye a kan madubin. Jinin fes.

"Hadiza, mi yah hana ki taho tun jikin na da zahi?"

"Yaya, ai ya wuce," na ce, kaina a ƙasa.

Bai wuce ba. Bayan mako guda ya dawo fiye da na farko. Wannan karon Inna ta aika wa Yaya, ya zo a kan babur, ya ɗebi jinin ina kakkarwa, ya ga abin da yake nema. Ya yi mini allura, na tashi. Cikin dai ya riga ya tafi. Namiji ne.

Bai taɓa yi mini faɗa ba, ni kuwa da faɗan ya fi mini sauƙi. Daga ranar ya daina jiran marasa lafiya a asibiti, ya shiga bin gidaje da tsakar rana yana tambayar wa ke kwance. Ya yi ta rubuta wa na sama takardu, amsa ba ta zo ba har hatsarin mota ya ɗauke shi a hanyar Sakkwato.

Da zai leƙo yau, zai ga siminti a ɗakuna da yawa, zai ji daɗi. Sai kuma ya ga har gobe kowane zazzaɓi sunansa maleriya, a sayi magani a kanti ba gwaji. Ina jin zai zauna ne kawai ya dafe kai. Ni ma na tsufa, bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya.

Akwatinsa na ƙarƙashin gadona. Gilasai biyu ke ɗauke da sunana, kwana bakwai tsakaninsu. Littafi bai bari ba, ko titi ba a sa wa sunansa ba. Amma watan jiya jikata Zainab, mai cikin fari, ta kwanta jiki kamar garwashi, tana cewa a bari zafin ya sauka tukuna, kunyar surukanta take ji. Ban saurare ta ba. Na ja hannunta har gaban mai ɗibar jini, na ce masa, "Ɗiba yanzu, ɗana. Yanzu, tun yana da zahi."

Allah ya jiƙan Yaya. A wannan karon dai, na zo a kan lokaci.