Dutsin niƙan da Sale ya birkice

Jama'a, yau dutsi guda ya hana mu komawa gida!

Ni da abokina Sale munka hau tudun bayan garin Gene. Munka iske kangon tsohon gari, duwatsun niƙa duk a kihe. Sale ya birkice guda don shi ga cikinai. Sai ga wani tsoho makiyayi yana salati!

Ya ce: "Ɗana, da mutanen garin ga sunka gudu, kowane gida ya kihe dutsinai. Jikan gida kaɗai ka buɗe shi."

Sale ya ce: "Baba, ni ɗan Gaya ne!"

"Ai can sunka nuhwa. Wa kakanka?"

Sale ya hwaɗi sunan. Tsoho ya yar da sanda, ya bar shanu, ya ruga kiran mai gari yana ihu: "Jikan gida ya dawo!"