Kalmar da Ta Cinye Mini Juma'a Biyu

Allah Ya sani ni ba mai saurin fushi ba ne. Wanda ya girma yana rubutu da alƙalamin kara, yana jiran tawada ta bushe kafin ya juya takarda, ya koyi haƙuri ko bai so ba. Amma akwai abin da Turanci ya yi mini a unguwar masana'antu ta Challawa wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jima da ke can, ina zaune a Panshekara, kullum a keke nake zuwa. Aikina tsaron manyan gangunan da ake juya fata a cikinsu da ruwan magani. In an zuba fata an tayar da inji, ba a kashe shi sai ta kai lokacinta, in ba haka ba ta lalace. Da yamma kuma ina zuwa ajin manya, inda wani malami saurayi yake koya mana Turanci. Shi yana rubutawa a allon bango da boko, ni ina kwashewa da ajami don kada lafazin ya kuɓuce mini. Darasinmu na farko shi ne yes tana nufin eh, no tana nufin a'a. Na riƙe wannan kamar yadda na riƙe farillan alwala, ban taɓa zaton akwai saɓani a cikinsa ba.

Da can ranar Juma'a da hantsi ake tashi aiki. Sai aka kawo mana sabon manaja, Bature, dogo, mai magana kamar yana tauna gyaɗa. Ya ce aiki ya yi yawa, dole ganguna su yi ta juyawa har ranar Juma'a. Wanda yake son hutun Juma'a zai yi aikin Lahadi, wanda yake son Lahadi ya tsare Juma'a. Ba a zalunci kowa ba. Aka ce mu shiga ofis ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi zaɓinsa.

Helumanmu, wato shugaban leburori, shi ke yin tafinta. Da layi ya zo kaina sai ya miƙe yana miƙa, ya ce, "Ai Alaramma ya sha Turanci ya ƙoshi, shi da Bature sai su fahimci juna. Bari in sha ruwa." Ya fice abinsa.

Manaja ya faɗi wata magana da sauri, kansa a sunkuye. Na kama kalmar Friday a ciki, sauran suka wuce ni. Na tsaya ina harhaɗa amsa a zuciyata, ina neman inda zan sa kowace kalma. Da shirun ya yi yawa sai ya ɗago kai ya ce, "You don't want Friday off?"

Wannan kam na gane ta sarai. Cewa ya yi: ba ka son hutun Juma'a? To, Bahaushe in an yi masa irin wannan tambaya, alhali yana so, me zai ce? A'a, ina so. Na buɗe baki da ƙarfina na ce, "No, sa!"

Ya gyaɗa kai, ya yi rubutu, ya ɗaga mini hannu alamar in tafi. Na fito ina hamdala.

Ranar Juma'a na zo da farar rigata a naɗe a bayan keke. Hantsi ya yi, ina shirin wanke hannu, sai ga heluma.

"Ina zuwa, Alaramma?"

"Masallaci mana."

"Wane masallaci? Ai kana cikin masu tsaron ganga. Da bakinka ka ce wa Bature ba ka so."

"Ni? Wallahi cewa na yi ina so."

"Ba no ka ce ba?"

"Ita na ce."

"To, ai shi ke nan. Mu da ba mu je ajin yamma ba ga mu za mu masallaci. A sa ka a addu'a?"

Fata tana cikin magani, amanar mutane ce, babu wanda zan bar wa. Na zauna kan benci ina kallon ganga tana juyawa, abokan aiki suna fita a kekunansu da fararen kaya. Na sallaci azahar ni kaɗai a bayan sito. Tun da na balaga Juma'a ba ta taɓa wuce ni ina da lafiya ba.

Da sabon mako ya kama na koma ofis. Na ce a raina, tunda no ce ta jefa ni rami, yau ba za ta fito daga bakina ba. Na gaishe shi, na ce, "Friday, sa," sai sauran kalmomin suka watse. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Aren't you happy with it?" Wato, ba ka ji daɗin tsarin ba ne? Gaskiya ya faɗa, ban ji daɗi ba, don haka na gaskata shi. Na ce, "Yes, sa."

Ya ce, "Good," ya ɗauki wayar tarho da ke ƙara. Masinja ya buɗe mini ƙofa.

Haka Juma'a ta biyu ta wuce ni a gaban ganga. Na ce no an tsare ni, na ce yes an tsare ni. To wace kalma ta rage? Ga shi tun muna yara malamanmu suke tsoratar da mu game da mutumin da ya bar Juma'a uku a jere. Na san ina da uzuri, amma uzurin da harshenka ya jawo maka ba ya kwantar da zuciya. Abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Na tari malamin ajinmu bayan an tashi, na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har da dafa bango, sannan ya ga fuskata ya kame bakinsa.

"Yi haƙuri, Baba. Su Turawa ba tambayar suke amsa wa ba. In abu haka ne, yes ne, ko da wace siga aka tambaya. In ba haka ba ne, no ne. Da ka ce no, shi abin da ya ji, ba ka so."

"Malam, ba kai ka ce mana no ita ce a'a ba?"

"Ita ce mana."

"To ni a'a na ce."

"Ai a wannan wurin a'a ɗinku ita ce yes."

"Ɗinmu? Kai a wane gari aka haife ka?"

Ya sosa ƙeya. Na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa mana ba. Ya ce ba mu kai wurin ba, yana can ƙarshen littafi na gaba. Na ce, "Malam, mun yi watanni muna cewa wannan ƙofa ce, wancan tebur ne. Tun da na fara aiki babu Baturen da ya taɓa tambayata ko ƙofa ce. Abin da suke faɗa kullum shi kuka kai ƙarshen littafi?"

A hanyar gida ina tura keke ina ta saƙe-saƙe. Larabcin da muka karanta a zaure ya tanadi kalma ta musamman domin irin wannan wuri, bala, wadda ake warware tambayar korewa da ita, ba a bar mutum cikin ruɗu ba. Hausa kuma ta bi hanyar ladabi: ka gaskata mai tambaya ko ka ƙaryata shi. Shi kuwa Turanci ya ɗora wa kalma biyu kayan da ya fi ƙarfinsu, ya bar talaka da asara.

Ranar Alhamis na sake shiga ofis. Na ɗaura niyyar yes da no sun haramta a bakina. Manaja ya gan ni ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "You don't want to change, do you?" Wato, ba ka son a canza, ko? Ga korewa a gaba, ga wata 'yar wutsiya a baya. Na ji harshena yana ƙaiƙayi, na danne shi. Na ɗaga yatsa na ce, a hankali, kalma bayan kalma, "I want Friday. Friday I pray. Sunday I work."

Ya buɗe hannuwa ya ce, "Why didn't you say so?" Me ya hana ka faɗa tun farko?

Innalillahi. Ban san lokacin da na ce masa da Hausa, "Sau biyu ina faɗa maka, bawan Allah," ba. Bai ji ba, kuma gara da bai ji ba. Ya kira heluma, suka yi magana, heluma ya juyo yana danne dariya ya ce an riga an raba aiki, sai in na samo wanda zai karɓi Juma'ata.

Akwai wani abokin aikinmu Kirista, mutumin kudancin Zariya, wanda aka ɗora wa aikin Lahadi bai so ba, saboda bai zo ba ranar zaɓi. Na same shi yana cin rogo a bakin ƙofa. Ban gama bayani ba ya ce, "Malam, ai da tuni ka zo. Ni ma coci ta wuce ni sau biyu." Da Hausa muka yi maganar, ba ta ɗauke mu tsawon cin rogonsa ba.

Washegari sai da na miƙa masa ganga hannu da hannu, don haka na makara. Na isa Panshekara liman ya riga ya hau mumbari, masallaci ya cika har titi. Na jingine keke, na shimfiɗa buhu a rana a ƙarshen sahu, warin fata bai gama barin hannuna ba. Ina zama sai ga wani dattijo da buzunsa a hammata, ya nuna ɗan filin da ke gefena, ya raɗa mini, "Malam, ba kowa a nan?"

Huɗuba ake yi, ba a magana. Na gyaɗa masa kai alamar eh.

Ya shimfiɗa buzunsa ya zauna.