Tsaya-Tukuna da Hancin Babana

Tun rana ba ta yi zafi ba za ka hango shi a bayan gonaki, da hular kwano da takalmin roba har gwiwa, yana bin layin turakun nan masu launin rawaya da ke nuna inda bututun mai ya bi a ƙarƙashin ƙasa. Ba ya sauri. A kowane turke yakan tsaya ya goge lambar gaggawa da ke jiki da hannun rigarsa, ya sare ciyawar da ta rufe ta, ya leƙa magudanar ruwa, sannan ya wuce. Kamfanin bututu ne ya ɗauke shi aikin sintiri, amma rabin yininsa a ƙofar gidajenmu yake ƙarewa, mu da gonakinmu da filayenmu ke kwance a gefen layin. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ce ba zan bari ya tafi haka shiru ba.

Tsaya-Tukuna muke kiransa, domin ita ce maganar da ta fi zama a bakinsa. Ka ɗauko diga za ka haƙa ramin salga, tsaya tukuna. Za ka kafa ginshiƙin shinge, tsaya tukuna, a kira a zo a nuna maka daidai inda bututun yake. Mai gyaran babur na bakin hanya yana cewa ko sakace za ka yi gara ka kira shi ya auna maka haƙoran. Shi kuwa dariya kawai yake yi, ya ce, "To, ka kira ɗin mana, ai kyauta ne."

Mun sha yi masa tsiya, amma kowa yana da abin da ya gani da idonsa. Maƙwabcinmu mai kiwon kifi ya taɓa kawo katafila za ta haƙa masa sabon tafki. Tsaya-Tukuna ya zo ya ce a dakata, direba ya ce shi yini ɗaya aka ɗauke shi, ba shi da lokacin dogon turanci. Bawan Allahn nan bai yi musu ba. Ya je daidai inda cokalin katafilar zai sauka ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa yana fifita. Har masu na'urar gano bututu suka iso yana nan zaune. Da suka auna, ashe bututun ya ɗan karkata a wurin, ya shigo gefen filin fiye da yadda kowa ke zato. Mai kifi da kansa yake ba da labarin nan yanzu, kuma kullum sai ya ƙara da cewa a ranar ji ya yi kamar ya mare shi.

Nawa labarin a kan Babana ne. Tun da Allah ya yi wa Innarmu rasuwa yake zaune shi kaɗai a gidan gona, ni ina gari wurin aikina na ɗinki, Yayanmu kuma yana can nesa da iyalinsa. Yaya ya daɗe yana neman dalilin da zai ɗauke shi ya mayar da shi gidansa. Ya gyara ɗaki, ya sa gado da talabijin. Baba ya je ya gani, ya yaba, ya sa albarka, washegari ya hau mota ya dawo. Ya ce mini, "Auta, ɗakin nan tagarsa bango take kallo. In kuka ajiye ni a can, ba zan kai baɗi ba." Mun san ba wasa yake yi ba, kuma mun san Yaya jira yake yi a sami tangarɗa ɗaya kawai.

Abin da ba mu sani ba shi ne, bayan wani zazzaɓi da Baba ya yi, hancinsa ya daina jin komai. Ba ƙamshi, ba wari. Ya ɓoye mana, ya ɓoye wa maƙwabta. Sai daga baya ya ba ni labarin yadda asirinsa ya tonu.

Tsaya-Tukuna yana da wata 'yar kwalba mai murfi, da tsumma a ciki da aka jiƙa da irin man da ke bin bututun. In ya tara mutane a gindin bishiya yakan buɗe ta ya zagaya da ita, kowa ya shinshina, don ka san warin tun kafin ranar da za ka buƙaci saninsa. Kowa yakan yamutsa fuska. Baba ma ya yamutsa, amma sai da ya saci kallon na kusa da shi tukuna. Ba wanda ya lura sai mai kwalbar.

Bayan kwana biyu ya zo gidan shi kaɗai. Suka gaisa, Baba ya zuba masa shayi, ya ciro kwalba ya ce, "Baba, ɗan ƙara shinshina mini wannan." Baba ya kai hanci ya kawar da kai, ya ce, "Kai, Malam, wannan abu da wari yake!" Tsaya-Tukuna ya rufe kwalbar a hankali ya mayar aljihu. Sannan ya ce, "Baba, ka yafe mini. Wannan wata kwalbar ce, ruwa ne kawai a tsumman."

Baba ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya riƙe masa hannu ya ce, "Don girman Allah kada ka gaya wa yaran nan. Ɗauke ni za su yi."

"Ba ni zan gaya musu ba," in ji shi. "Maganarka ce, kai za ka faɗa, kuma ya kamata ka faɗa. In suka tambaye ni ba zan yi musu ƙarya ba. Amma kafin nan, tashi mu je gona. Hanci ɗaya ne daga cikin 'yan aiken mutum, saura suna nan."

Daga ranar, duk lokacin da sintiri ya biyo da shi ta wajenmu sai ya ratse ya ɗauki Baba su gangara tare. Ya nuna masa yadda ruwan kwata ke yin launi-launi in mai ya hau kansa. Ya nuna masa bambancin ganyen da ƙishirwa ta kwantar da wanda mai ya ƙone daga saiwa. Ya ce ya kula da ƙasar da ta yi duhu da danshi alhali ba a yi ruwa ba, da kumfa a kududdufi, da ƙara kamar ta tayar da ta yi faci. Ya sa shi maimaita abin yi har ya zame masa jiki: kada ka tayar da inji, kada ka ƙyasta ashana, kada ka taɓa waya a wurin. Ka watsa ƙasa sama ka ga inda iska ta nufa, ka juya ta riƙa bugun fuskarka, ka hau tudu, domin tururin mai a kwari yake kwanciya. Sai ka yi nisa sannan ka kira. Kuma duk zuwa sai ya tambaye shi, "Baba, ka gaya musu?" Baba ya ce sai an jima. Babana ne, amma taurin kansa ba na wasa ba ne.

Tsaya-Tukuna, kai ne wanda ya ga tsoho yana ƙarya saboda tsoro, ba ka kunyata shi a gaban mutane ba. Kai ne da za ka iya rubuta rahoto ka wuce abinka, amma ka zaɓi ka riƙa rage tafiya kana jiran tsoho mai ciwon gwiwa. Mai taka ƙasa a hankali, sannu da aiki.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, lokacin ban-ruwa. Baba ya gangara wurin injinsa da ke bakin magudana. Ya riga ya naɗa igiyar tayarwa a hannu, sai idonsa ya kai kan ruwan, ya ga launi yana yawo a kai. Ya ɗaga kai, ya ga layin kayan lambu na ƙasa ya yi rawaya ya kwanta, na sama kuma shar. Nan take ya saki igiyar. Ya watsa ƙasa, ya juya, ya kama hawa. A hanya ya tarar da mai kifi ya ɗora ƙafa zai buga babur. Ya daka masa tsawa, "Kada ka tayar! Sauka ka biyo ni!" Mai kifi ya ce ai tun safe yake jin warin, ya ɗauka wani ne ya zubar da man injinsa. Mutum nawa suka wuce ta wurin da hancinsu lafiya lau, duk tunanin da suka yi ke nan.

Daga kan tudu suka kira lambar jikin turke. Aka rufe bututun daga tasha, masu kashe gobara suka zo, aka fitar da mutanen gidajen ƙasa. Tsaya-Tukuna ya iso a guje, yana bin gida-gida yana hana kunna murhu. Gonar Baba ta ƙasa ta lalace, sai da aka kwashe ƙasarta aka zuba wata. Amma ko tartsatsi bai tashi ba, kuma ba a kai kowa asibiti ba.

Washegari Yaya ya iso da mota. Ni ma na zo. Bai ko zauna ba ya shiga ɗaki ya jawo jakar Baba ya fara zuba kaya. Ya ce, "An gama magana. Ba zan zauna ina jiran a kira ni a ce ka ƙone ba." Gaskiya ni ma zuciyata tana tare da shi, don ban runtsa ba tun da na ji labari. Tsaya-Tukuna yana tsakar gida, ya zo duba Baba. Baba ya dube shi, ya dube mu, ya ce, "To, tunda haka ne, ku ji saura. Hancina ya daɗe da mutuwa. Ba na jin komai."

Yaya ya saki rigar da ke hannunsa. Ya fito ya tsaya a kan baƙon ya ce, "Malam, ka san da wannan?"

"Na sani."

"Ka sani, ka bar tsoho shi kaɗai a kan bututun mai?"

"Kana da gaskiyar yin fushi," in ji shi. "Uba naka ne, ba ni da bakin cewa a bar shi ko a ɗauke shi. Abin da na gani kawai zan faɗa. Na daɗe ina bin layin nan, ban taɓa koyar da wanda ya riƙe abu kamar Baba ba. Jiya da wani ne ya riga shi zuwa wurin injin nan, da yau ba wannan maganar muke yi ba. In tsoronka gida ne, akwai na'urar da ke yin ƙara in ta ji hayaƙi ko gas, a sa masa. Matar mai kifi ta ce za ta riƙa leƙowa. Bututu kuwa, Baba ne yake tsaronmu."

Yaya ya juya. Ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado, ya dafe kai. Baba ya bi shi ya zauna kusa da shi, ya ce, "Babban mutum, na san tsoro ne. Ni ma tsoron ne ya hana ni faɗa." Ban taɓa ganin hawayen Yaya ba sai ranar. Can ya miƙe ya zazzage jakar a kan gado, ya ce mini, "Ke Auta, kina tsaye kina kallon mutane, zo ki ninke kayan nan ki mayar." Da la'asar ya shiga gari ya sayo na'urar, shi da kansa ya hau kujera ya ɗaura ta.

Yanzu, Tsaya-Tukuna, ga shi za ka huta. Na ji an ce ka riga ka zagaya da wanda zai gaje ka gida-gida, ka nuna masa wanda kunnensa ya yi nauyi, da wadda ba ta iya karanta lamba ba, da gidan da ke da mai jinya da sai an ɗauke shi. Ku da ke zaune a gefen bututu, duk inda kuke, in irin wannan mutum ya ƙwanƙwasa muku ƙofa ku ba shi wurin zama, ku saurare shi, ku kira kafin ku haƙa. Ku kuma masu irin aikinsa, kada ku tsaya a kallon ƙasa, ku riƙa kallon fuskar wanda kuke yi wa bayani, don wani yana gyaɗa kai ne alhali bai ji ba.

Ni dai ba ni da abin da zan biya ka. Allah ya huta gajiya, ya ba ka lafiyar ƙafafun nan da ka ƙarar a kanmu, ya sa naka 'ya'yan su ji tausayinka in ka tsufa. Na gode, Yaya ma ya ce a gaya maka ya gode. Ɗazu na kira Baba in karanta masa abin da na rubuta, ya ce in yi sauri in faɗi abin da zan faɗa, shi zai gangara gona.